Mai Feshi da Maganin da Ba Ya Kisa

Mijina feshi yake yi. Kyankyaso, kuɗin cizo, gara, ɓera, duk abin da ya hana mutum sakat a gidansa, shi ake kira. Tun kafin ya aure ni yake goye da tankin nan a bayansa, har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Ni nake ɗinka masa riguna, don haka na sani. Kowa a unguwa Mai Feshi yake ce masa, har 'ya'yansa in suna jin tsokana. Ni kuwa Tela yake ce min, wai don kada in manta da keken da ke jirana a shago.

Magana ɗaya gare shi kan aiki, na ji ta har na haddace: maganin gaske gawa yake bari a ƙasa. In ya yi feshi a gida, ba ya tafiya sai ya ja mai gidan zuwa bayan firji ya nuna masa kyankyasai a wuntsile, ƙafafu sama. Ga taurin kai, wanda da za a raba wa mutanen layinmu, kowa ya samu har ya ajiye na gobe. Amma ban taɓa ganin ya yi wasa da guba ba, ko sau ɗaya. Ba ya haɗa magani sai ya karanta jikin kwalba, kuma ba ya shiga ɗaki da kayan aiki.

Ciwon da dasashi ya fara. In ya goge baki sai jini, ya ce buroshin ne ya yi tauri. Sai tabo ya fito masa a kafaɗa, baƙi-baƙi, ya ce igiyar tanki ce. Na ce to na cinyar fa, can ma tankin kake ratayawa? Ya yi min kunnen uwar shegu. Rannan ya dawo daga wani gidan bene, ya zauna a bakin ƙofa yana haki, sai haɓo ya ɓalle masa. Muka toshe, muka ɗaga kai, muka sa ƙanƙara, jini ya jiƙa tawul ya fara na biyu. A nan dai ido ya raina fata, ya yarda muka tafi asibiti.

Suka ɗebi jini, suka soka masa wata ƙatuwar allura a ƙashin ƙugu suka zuƙo ɓargo, suka ce ba zai koma gida ba. Likitar da ta karɓe shi 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta girmi babbar 'yarmu da yawa ba, tafiyarta kamar ana korarta. Ta ce sankarar jini ce. Ina jin sankara kunnuwana suka toshe, sai da ta dafa ni ta maimaita sauran. Ta ce a cikin ire-iren ciwon nan, nasa yana cikin waɗanda suka fi jin magani, in dai ya tsallake makonnin farko, don abin tsoron shi ne zubar jini, musamman a cikin kai. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce kada a tsallake magani ko sau ɗaya.

Ɗakin da aka kwantar da shi gado huɗu ne, da labule tsakani, da taga wadda ba ta buɗuwa. Kowane gado da ƙaramar loka a gefe da faranti mai taya da ake turowa kan cinyar majinyaci. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani tsohon direba, shi ma sankarar jini, amma wata iri. Shi jan ruwa ake ɗaura masa. Bawan Allahn nan ya yi amai har ya rasa abin amayarwa, gashinsa ya zube, har gira. Mijina kuwa kafso ake ba shi, rabi ruwan lemo rabi ja, safe da yamma bayan ya ci abinci, sai ledar ruwa fara tas sau ɗaya a rana. Ba amai, ba zubar gashi, sai ɗan ciwon kai da bushewar leɓe.

Kun san me? Kishin direban nan ya fara. Zai kwanta yana kallon jan ruwan yana ɗiga, ya ce min a hankali, ga magani can, su masu rai ake yi wa aiki, mu an ba mu alawa mu tsotsa kafin lokaci ya yi. Na ce ya ji tsoron Allah, mutum yana neman amayar da hanjinsa kai kana masa hassada. Ya ce maganin da ba ya wari, ba ya kayar da komai, an yi masa algus ne ko kuma ba magani ba ne tun farko.

Abin da ya kwantar masa da hankali shi ya tayar da nawa. Wata safiya ya miƙa hannu ya juyo ledar ruwan ya karanta, kamar yadda ya saba da kwalabensa. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Tela, zo ki gani. Wannan guba ce."

"Guba kuma?"

"Ta ainihi. Da ita ake kashe ɓera a da, kafin a daina. Maigidana da ya koya min aiki a gwangwani yake ɓoye ta."

Na fita a guje na tari Sista, nas ɗin da ke kula da ɗakin, na ce an yi kuskure, maganin ɓera ake ɗura wa mijina. Ta yi dariya ta ce ba kuskure, gaskiyarsa ce, amma ɗan kaɗan ne kuma an auna shi daidai jikinsa. Na dawo na same shi baki har kunne. Daga ranar har gaisawa yake da ledar nan in an kawo ta, yana ce mata sannu da zuwa, abokiyar aiki.

Jinin dasashi ya tsaya. Tabon jikinsa ya fara kodewa. Na fara tunanin kayan mutane da na bari a shago ban gama ba. Sai wata safiya Likita ta zo zagaye ta ce fararen ƙwayoyin jininsa sun ninka. Aka ƙara gwaji, suka sake ninkawa. Tana faɗi tana gyaɗa kai kamar mai ba da albishir. Mijina ya ce ta tsaya, bai ji da kyau ba: ana zuba magani, abin da ake so a kashe yana ƙaruwa? Ta ce haka ake so.

Ta jawo kujera ta zauna, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce a cikin ɓargo ake haifar fararen ƙwayoyin jini. Suna farawa ƙanana, su girma, su fito cikin jini su yi aikin tsaron jiki, su tsufa, su mutu, wasu su maye gurbinsu. Nasa kuwa sun maƙale a ƙuruciya. Ba su girma ba balle su yi aiki, ba su tsufa ba balle su mutu, sai rabuwa suke ta yi suna cika ɓargo, suna hana jini daskarewa. Kafson nan, in ji ta, yana buɗe musu inda suka maƙale. Sai su girma, su fito daga ɓargo su shiga jini, shi ya sa gwaji yake nuna sun yi yawa. In sun girma kuma za su tsufa su mutu da kansu.

Wallahi a lokacin na gane, har na ji daɗi. Na ce ashe abin ma da sauƙi. Mijina ya kalli silin, sannan ya ce:

"Likita, wato girmar da su kike yi?"

"Ƙwarai, Baba."

"Da gangan?"

Ta ce da gangan, ta tashi ta wuce gadon direba.

Tana fita ya ce in ja labule. Ya ce in saurara, shi zai gaya min abin da ya sani, ba abin da ya karanta ba. A aikinsa ba a tsoron ƙanana. Ɗan kyankyaso ba ya ƙwai, uwar ce take yi. Ya ce akwai ma wani magani da yake sa wa a kicin ɗin manyan otal, ba ya kashe komai, aikinsa kawai ya hana ƙananan girma, kuma a hankali gida ya zama wayam saboda ba mai haihuwa. Duk masu feshin duniya ƙoƙarinsu su hana abin nan balaga, ga yarinya ta zo tana yi musu kiwo a cikin ƙashinsa. Na ce jini ba kyankyaso ba ne. Ya ce to in kawo masa misali ɗaya. Na taɓa ganin ɗan tsako ya yi ƙwai? Na taɓa ganin jariri ya haihu?

Ku ma ku gaya min, kun taɓa gani? Ganewar da na yi ɗazu ta bi iska, na rasa ta inda na kama ta tun farko.

Washegari ya yi wa Likita wannan tambayar, cikin ladabi. Ta ce a nan abin a juye yake, ƙananan ne masu yaɗuwa, waɗanda suka girma ba sa rabuwa. Ya ce "to." Na san wannan "to" ɗin. Ita yake ce wa mai gidan da ya nace a yi masa feshi ba tare da an kwashe tukwane ba.

Ba a jima ba jikinsa ya rikice. Ƙafafu suka kumbura har silifa ba ya shiga, zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi sama, aka sa masa takunkumin iska. Na bi Likita har bakin ofis na ce ta gaya min gaskiya, ciwon ne ya ci ƙarfinsa? Ta ce a'a, ƙwayoyin ne suke girma gaba ɗaya a lokaci guda, suna cunkoso a huhu, suna tara masa ruwa a jiki. Na ce wato maganin ba ya aiki. Ta ce aikin ne ya yi yawa. Na ce to cutar da shi yake yi ke nan. Ta ce e, a yanzu, amma alama ce yana ci. Ta ce za ta ba shi allura ta kuma dakatar da maganin na ɗan lokaci. Na tsaya a baranda ina juya maganar. Yana aiki, shi ya sa aka tsayar da shi. Yana cutarwa, shi ya sa ake murna. Ni dai na yi shekaru ina yanka yadi, ban taɓa ganin rigar da gabanta ne bayanta ba sai a asibitin nan.

Da na koma, ya kalle ni ta saman takunkumin. Ba ya iya magana, amma idonsa ya ce ban gaya miki ba?

Aka tsayar da magani, kumburi ya saɓe, numfashi ya dawo. Ya tashi zaune ya ci abinci har ya nemi ƙari. Sai Likita ta ce a mayar da komai, leda da kafso. Na zaci za a yi daru. Ko kaɗan. Ya karɓa da hannu biyu, yana wasa da Sista, yana ce mata ta ajiye a faranti, bari abinci ya ɗan faɗa masa. Ita kuwa gadaje sun yi mata yawa, sai ta ajiye ta wuce. Ni kuma kullum a daidai lokacin ne shayinsa yake hucewa, sai ya aike ni ɗebo ruwan zafi a ƙarshen baranda. In na dawo faranti ba komai. Na ce a raina ashe jiki magayi.

Aka kwana biyu a haka. Likita ta zo da fara'a ta ce ƙwayoyin sun fara sauka, kamar yadda ta zata. Na yi hamdala. Shi ma ya yi murmushi, irin na wanda ya san abin da ya sani.

Wata rana da hantsi yana banɗaki, na buɗe lokarsa ina neman rigar da zan tafi da ita wanki. A can ƙasa, bayan takalma, hannuna ya taɓa wani ƙulli. Leda ce a cikin leda, an ɗaure bakin kowacce tam, an ja mata alamar giciye da biro. Na san alamar. A gida, a saman kantar da yara ba sa kaiwa, haka yake ajiye ragowar magani. Mijina ba ya zuba guba a magudana, ba ya jefa ta a shara, ya ce kyanwa za ta iya ci, yaro zai iya tsinta. Sai ya rufe, ya ƙulle, ya yi alama. Na kwance. Ƙaramar robar ruwa ce, kafso a ciki sun kusa rabi.

Da wani ne, da tuni ya watsa su a masai ya ja ruwa, ba wanda zai sani.

Ya fito yana tura sandar ƙarin ruwa, ya gan ni da robar a hannu. Ko gezau bai yi ba. Ya zauna, ya ce in ja labule in rage murya. Ban rage ba. Na ce masa abin da ya zo bakina, har da na kakanninsa. Ya bari na gama, sannan ya yi min bayani a tsanake kamar yana koya wa sabon ma'aikaci. Magani biyu ake ba shi, in ji shi, ɗaya yana kisa ɗaya yana kiwo. Shi tun da yake bai taɓa haɗa magunguna biyu masu faɗa da juna a tanki ɗaya ba. Abin da ya yi kawai ya janye mai kiwon don mai kisan ya samu fili. Kuma shaida tana nan: da ita kanta Likita ta tsayar da kafso, bai warke ba? Da ya daina sha, ƙwayoyin ba su sauka ba? Ba da bakinta ta faɗa ba?

Na ce ita cewa ta yi saboda maganin ne suka sauka.

Ya ce wane magani, wanda ke hannunki?

Kaina ya ɗaure tam. Ya ce abu ɗaya yake roƙona, in yi shiru zuwa gwaji na gaba. In sun ƙara sauka, shi da kansa zai gaya mata, ta ƙaru.

Na jefa robar a jakata na fita. Na sauka ƙasa, na wuce ɗakin karɓar magani, na wuce masu jiran kati, na kai har bakin get, na tsaya kamar mai jiran mota. Ban san inda za ni ba. Mijina bai taɓa kuskure a kan guba ba. Lokacin da autarmu take rarrafe ta sha kananzir, duk matan gidan da muke haya suka taru a ɗura mata madara a sa ta amai, ni ma har na ɗauko kofi. Shi ya fizge ta ya ce duk wadda ta sa mata yatsa a baki sai ya karya shi, ya ruga da ita asibiti, kuma likitoci suka ce da an sa ta amai da ya shiga huhunta. To yau ni ce zan ce bai sani ba? Ita kuma Likita ai ba hauka take yi ba, wannan ne aikinta, ta ga irinsa ba adadi. Amma ita ce ta ce yana aiki sannan ta tsayar da shi. Na maimaita bayaninta a raina, ya zauna daidai. Na maimaita nasa, shi ma ya zauna daidai. Mai gadi ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa ban sani ba, kuma iyakar gaskiyata ke nan.

Da rana ta yi zafi na koma sama. Na same shi yana barci, bakinsa a ɗan buɗe. A kan filo, daidai gefen leɓensa, jini ya yi shata kamar tafin hannun yaro, bai ma bushe ba. Na ɗaga hannun rigarsa a hankali. Sabon tabo a damtse, wani a gwiwar hannu.

Ban tsaya tunani ba, don in na tsaya ba zan tafi ba. Na je na samo Likita, na ce ta zo ta ga wani abu. Takunmu ya tashe shi. Na fito da robar na dangwarar a kan faranti a gabansa. Bai kalli Likita ba, ni ya kalla, kallon da bai taɓa yi min ba tun da aka kawo ni gidansa.

Na zaci za ta yi faɗa, har ina so ta yi. Sai ta cire tabarau ta murza ido, ta duba bakinsa da hannuwansa, ta sa Sista ta ɗebi jini yanzu-yanzu a duba daskarewarsa, a kuma nemo ledar jinin da ake ƙara wa mutum don zubar jini ta tsaya. Sannan ta zauna ta tambaye shi dalili. Ya faɗa mata duka, da ɗan kyankyaso, da kicin ɗin otal, da tanki ɗaya. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi dariya ba. Ta ce a kan ƙwari gaskiyarsa ce. Sai ta nuna ledar farin ruwan nan da ke rataye.

"Baba, wannan da kake yabo, ita ma girmar da su take yi."

"Gubar ɓera?"

"Ita. Tana kashe wasu, amma babban aikinta a jikinka shi ne na kafson nan. Ƙulli ɗaya suke kwancewa, ita ta wannan gefe, shi ta wancan."

Ya ɗaga kai ya kalli ledar, abokiyar aikinsa da yake wa sannu da zuwa kullum. Ni ma na kalle ta. Ashe duk tsawon zaman nan ba wanda yake kisa a ɓangarensa.

Ta ce saukar da aka gani aikin da aka riga aka yi ne, da na ledar ita kaɗai. Amma akwai sauran ƙanana a can cikin ɓargo, hannu ɗaya ba lalle ya kai gare su ba, kuma jinin da ke filo ba ta son ganinsa ko kaɗan. Na tambaye ta ko an makara. Ta ce ba ta sani ba tukuna. Ta ce ba za ta danne shi ta ɗura masa ba, jikinsa ne, amma in da mahaifinta ne da ta durƙusa ta roƙe shi. Ta tashi. Can bayan la'asar Sista ta kawo abinci da kafson yamma a ƙaramin kofi, ta ajiye a faranti, ta kalle ni, ta ja mana labule.

Ya juya fuskarsa bango. Abinci ya huce. A ɗaya gefen labule direba yana ta kakarin amai, matarsa tana masa sannu. Na zauna a bakin gado, faɗan da ke cikina duk ya ƙare, sai gajiya. Can sai ya yi magana, bai juyo ba.

"Tela, ke kin gane?"

Da na ce e, da ya fi sauƙi. Amma ban taɓa iya yi masa ƙarya ba, yana ganewa.

"Ban gane ba. Naka bayanin ma ya fi shiga kaina."

"To a kan me kika tona min asiri?"

"In ka sha ka mutu, ina da wadda zan shaƙe. In ka ƙi sha ka mutu, kai ka kashe min miji, kuma ba ka nan balle in rama."

Ya yi wani sauti, ban san ko dariya ce ba. Ya juyo a hankali ya tashi zaune. Idanunsa sun kaɗa. Ya ci loma biyu don an ce sai da abinci, ya jawo kofin, ya juye kafson a tafin hannunsa. Hannun da yake auna guba da murfin kwalba ba ya ɗigar da ko ɗigo, sai ga shi yau kafso sun gagare shi. Ya kai kusa da baki ya dawo da shi. Ya sake kaiwa ya dawo.

"Tsoro nake ji," in ji shi. "Duk wanda na haɗiye, ji nake suna motsi a ƙashina."

Ya kama hannuna ya buɗe, ya juye min su.

"Ke ki sa min. Nawa hannun ba zai yarda ba."

Na kalli abin da ke tafina. Wallahi ban san me nake riƙe da shi ba, ko abin da zai dawo min da shi gida ne, ko abin da zai ƙosar da ciwon da ke cinsa. Ɗazu na samu wadda zan shaƙe, yanzu ya mayar da ita ni. Na so in kira Sista ta zo ta yi aikinta. Amma ya riga ya rufe ido ya buɗe baki, ga jini-jini a dasashinsa, yana jirana.

Na ɗauki ɗaya na ɗora masa a harshe, na kafa masa kofin ruwa. Na sa yatsuna a maƙogwaronsa har na ji ya wuce. Bai buɗe ido ba. Na ɗauki na gaba.